Sashe na Tara

Ƙarfe goma sha ɗaya aka miƙo mini takardar,
shafi huɗu, rubutun hannu, da tabon shayi a gefe.
"Uwale, ki buga kafin azahar,
gobe za a yi wa ƙudirin karatu na biyu."
Shekara goma sha bakwai ina buga maganar manya,
ban taɓa ƙara ko waƙafi na kaina ba.

Na zauna. Yatsuna sun san hanya:
An soke sashe na tara,
wanda ya wajabta wa kamfanin wuta
ya ɗebo wani kaso daga rana da ruwa da iska.
An soke. Kalma biyu kacal,
ko numfashi ba a sakewa kafin a gama faɗarsu.

Sai aka ɗauke wuta.

Fanka ta yi juyi uku ta tsaya kamar mai tunani,
allo ya yi baƙi, ya tafi da shafi biyun da ban adana ba.
A bayan gini janareta ya yi tari,
ya sake tari, ya yi shiru.
Malam Ɗanbala ya leƙo ya ce babu mai,
an tura masinja Hotoro da jarka.

Muka fito gindin darbejiya muna fifita da fayil.
Rana na tsaye a kan Kano, ba ta jiran sa hannun kowa:
ta kwanta a rufin Kantin Kwari,
ta leƙa masaƙun Sharaɗa da suka daɗe da yin barci,
ta zuba a Dala har ta gangaro,
ba mita, ba takardar biya,
ba mai zuwa da tsani ya yanke ta.

Na tuna Tasi'u, autanmu,
da ya sayar da babur ya koyi ɗaura faranti,
har aka ɗauke shi a gonar sola ta bayan gari.
Ranar albashin fari ya kawo mini turmin atamfa,
ya ce, "Yaya, dokar nan ce ta ɗinka mini aljihu."
Watan jiya muka kai gaisuwa Gwammaja.
An sa masa rana bayan Babbar Sallah,
gobe kuma a cire rana daga doka.

Mai ƙudirin ya ce don talaka ya yi,
wai nauyin ya yi wa kamfani yawa,
in an sauke, kuɗin wuta zai sauko.
Ban ce ƙarya yake ba, ban iya wannan lissafin ba.
Lissafin da na iya na layinmu ne:
Lantana ta ci bashi ta sayi firji,
ƙanƙararta takan koma ruwa kafin la'asar;
Nafi'u tela yana taka keke da ƙafa
ga na lantarki can an lulluɓe shi da zane;
ni kuma duk ƙarshen wata
ina biyan kuɗin duhu, a ba ni rasit.

Ƙarfe ɗaya da kwata jarka ta iso.
Hayaƙi ya tashi, ya biyo taga, ya zauna mana a maƙogwaro.
Na koma kujerata.
Na sake buga shi tun daga farko,
a tsanake, babu kuskure ko ɗaya,
don ni ma da wannan nake ci.
A kan sashe na tara ne kawai
ɗan yatsana ya tsaya, kamar fankar ɗazu,
sannan ya sauka.

Da dare unguwa ta yi baƙi ƙirin,
sai ɗakina, da ƙwai ɗaya
da ke shan abin da farantin Tasi'u ya tara da rana.
'Ya'yan maƙwabta uku suna aikin gida a ƙarƙashinsa.
Wayata ta cika, ta yi haske, tana ƙara.
Sunansa ne.
Na bar ta tana ƙara.